Talabijin Ba Ya Koya Wa Jariri Magana

An jima ana yaɗa wata magana a tsakanin iyaye, galibi ta wayoyin hannu, cewa wai katun ɗin da ake nuna wa ƙananan yara shi ke jawo musu cutar galahanga, har wasu suka firgita suka haramta talabijin a gidajensu. Babu wani bincike da ya tabbatar da wannan da'awa, kuma bai kamata a ɗora wa uwar yaro mai wannan lalura laifin da ba ta yi ba. Amma ni, a matsayina na uba, abin da ya fi ci mini rai shi ne wani zato da ya zauna daram a zukatan iyaye, har da masu ilmi daga cikinsu, cewa idan aka zaunar da ɗan shekara ɗaya ko biyu gaban katun ɗin Cocomelon daga hantsi zuwa la'asar, to an sa shi makaranta ke nan, domin wai yana koyon Turanci.

Masana sun auna wannan mas'ala. A shekarar 2003, wata malama mai suna Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington ta Amurka suka tara jarirai 'yan wata 9 waɗanda ba a yin wani harshe a gidajensu sai Turanci, suka sa masu jin harshen Sin su zauna da wani sashe daga cikinsu har zama 12, suna yi musu wasa da karatu da wannan harshe, sa'an nan aka nuna wa wani sashen su waɗannan mutane a bidiyo suna faɗar irin waɗannan kalmomi. Da aka zo gwaji, waɗanda aka zauna da su ido da ido sun iya rarrabe sautukan harshen Sin kusan kamar jariran Taiwan da ake yin harshen a gidajensu, alhali waɗanda suka kalli bidiyo ba su fi wanda bai taɓa jin harshen ba ko kaɗan.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Koyon magana tamkar ciniki ne a kasuwa, inda mai saye zai taya, mai kaya ya ce albarka, wancan ya ƙara, wannan ya rage, har a kai ga sallamawa. Jariri yakan taya da gwaranci, ko da nuni, ko da kallo, sai uwa ta amsa masa, ta kira sunan abin da ya nuna, ta gyara masa lafazi, ta jira ya sake tayawa. A cikin wannan kai da kawo ne harshe ke kafuwa. Allo kuwa mai kaya ne da ba ya jin tayi, yana ta zuba maganarsa ko yaro ya fahimta ko bai fahimta ba. Saboda haka yaron da ke rera waƙar haruffa daga farko har ƙarshe, amma ya kasa ce wa uwarsa yana jin ƙishirwa, hadda ya yi, bai koyi magana ba tukuna.

A kan irin waɗannan hujjoji ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, wanda ke tsakanin shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce sa'a guda a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Tun a 2008 hukumar da ke kula da watsa labarai a Faransa ta hana tashoshin ƙasar yin shirye-shiryen da aka nufi yara 'yan ƙasa da shekara 3 da su.

Ga yaron da ya kai shekara 3 ko 4, shirye-shirye ba ɗaya suke ba. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Virginia a 2011 ya nuna cewa minti 9 kacal na katun mai saurin sauya hoto ya rage wa 'yan shekara 4 natsuwa da haƙuri a ayyukan da aka ba su nan take, in an kwatanta su da waɗanda suka yi zane da fensir. Shirin da na yarda da shi shi ne mai tafiya a sannu, mai maimaita darasi, mai yin tambaya ya dakata yaro ya amsa, kuma da harshen da yaro ke ji a gida. Muna da irinsu, ko da yake ba su da yawa: Sesame Square da NTA ta fara nunawa a 2011, wanda daga baya aka mayar da shi Hausa da sunan Dandalin Sesame, da kuma Akili and Me na kamfanin Ubongo da ke Tanzaniya, wanda Arewa24 ta nuna da Hausa. Abin takaici ne a ce gidajen talabijin na jihohinmu, waɗanda ba sa rasa lokacin nuna bukukuwan masu mulki, sun bar wannan fage kusan fayau, har sai da taimako ya zo daga waje.

Ko shirin kirki ma fa'idarsa ba ta cika sai da babba a gefe, yana tambayar yaro abin da ya gani, yana sa shi ya ƙirga cokula a madafa kamar yadda aka ƙirga a allo. Na san wahalar uwa mai girki da wanki da goyo, kuma ba na ganin laifinta in ta nemi sararin rabin sa'a. Nauyin tarbiyya amana ce da ta hau kan uba ma, wanda sau da yawa shi ke miƙa wayarsa don a bar shi ya huta. Ina roƙon iyaye su kashe talabijin a lokacin cin abinci da gabanin barci, su zaɓi shiri guda su kalla tare da yaro, sauran yini kuma su bar shi ga kakarsa da yayyensa da wasan tsakar gida.