Ƙaramar Kwamfuta da Babbar Lasifika: Ina Gizo Ke Saƙa?

Ƙananan kwamfutocin nan da ba su fi girman littafi ba, irin su Dell OptiPlex da ake sayowa na hannu a titin Beirut na Kano, sun samu karɓuwa a Wudil, daga shagunan buga takardu na kewayen Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote har zuwa rumfunan masu tura waƙa da wa'azi ranar Juma'a, ranar da kasuwa ke ci. Ba su cin wuta, ƙaramin sola ma yana ɗaukar su. Amma ana yawan kuka da su cewa ba su da murya: a jona lasifika, a ji shiru ko wani ɗan ƙus-ƙus, sai a yanke hukunci cewa na'urar ce ta yi ƙanƙanta. Wannan hukunci bai yi adalci ba, kuma yana jawo asarar kuɗi.

Koren ramin da ke jikin kwamfuta, mai faɗin milimita 3.5, sautin da yake fitarwa bai wuce na abin saƙalawa a kunne ba. Haka yake a ƙaramar kwamfuta, haka yake a ƙatuwar da ke cika tebur. Lasifika kuwa iri biyu ce. Akwai mai amfilifaya a cikinta, alamarta ita ce tana da wayar wuta ko batir da maɓallin ƙara sauti. Wannan da an jona ta za ta yi magana. Akwai kuma wadda ba ta da komai sai maganaɗisu da naɗin waya, irin ta masallaci ko ta tsohuwar rediyo, wadda galibi za a ga an rubuta 4 ko 8 na om a bayanta. Ita wannan sai an sa amfilifaya tsakaninta da kwamfuta, in ba haka ba ko an canza kwamfuta goma labarin bai canza ba. Wani lokacin ma ba a kai ga nan ba: igiyar HDMI tana ɗauke da hoto da sauti tare, saboda haka Windows na iya tura sautin zuwa allon da ba shi da lasifika, kuma tsohuwar igiyar VGA hoto kaɗai take kaiwa. Gyaran wannan bai wuce zaɓen mafitar sauti a saituna ba, amma mutum nawa ne suka biya kuɗin mota zuwa Kano a kansa?

Wani zai ce ai zamanin igiya ya wuce, tunda Apple ya cire ramin daga iPhone 7 a 2016, ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 5 ma da ta fito a 2023 ba ta zo da shi ba. A yi amfani da Bluetooth a huta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya ga mai sauraren karatu a ɗakinsa. Sai dai Bluetooth yana matse sautin kafin ya aika, kuma yana jinkirta shi da wani yanki na daƙiƙa, abin da ke sa baki ya riga murya a fim, ko mai sharhin ƙwallo ya yi ihu bayan 'yan kallo sun fara nasu. Ga aji ko gidan kallo igiya ta fi. In ramin ya lalace ko babu shi, ɗan katin sauti na USB yana maye gurbinsa da kuɗi kaɗan.

Masu cewa a sayi lasifika mai yawan wat su ma su yi hattara. Ninka ƙarfin wuta sau biyu ƙarin desibel 3 kawai yake bayarwa, kuma sai an ninka shi wajen sau goma kunne ke jin ƙarar ta ninku. Dubban wat ɗin da ake mannawa a kwali da sunan PMPO talla ce, lambar RMS ita ce abin dubawa. Gunjin nan mai kama da na ƙudan zuma da ke biyo sauti kuwa yawanci daga wuta yake, wadda a Najeriya take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Sau da yawa yana raguwa idan aka jona kwamfuta da amfilifaya a soket ɗaya, aka kuma raba igiyar sauti da ta wuta, musamman inda ake aiki da janareta ko inbata mai arha.