Masu gudun sanyi: yadda tsofaffin Kebek ke cin hunturu a Filorida

Kowace shekara, da watan Oktoba ya ƙare, sai a ga motoci masu lambar Kebek sun yi jere a kan babbar hanyar I-95 ta Amurka sun nufi kudu. Galibin waɗanda ke ciki mata da miji ne masu furfura, bayan motar cike da akwatuna da maganin wata biyar. Daga Montireyal zuwa kudancin jahar Filorida tafiya ce ta fiye da kilomita 2,500, kwana biyu ko uku bisa hanya. Can ana kiran su snowbirds, wato tsuntsaye masu gudun ƙanƙara. In da a nan ne da mun ce ƴan cin rani, sai dai su ba neman kuɗi ke kai su ba, kashe shi suke zuwa yi.

Wanda ya san sanyin Kanada ba zai ga laifinsu ba. A watan Janairu, ma'auni a Montireyal yakan sauka digiri 10 ƙasa da sifili, wani lokaci 20, rana kuma ta faɗi tun wajen ƙarfe huɗu da rabi. Ga mai shekara 75, ruwan da ya daskare a bakin ƙofa haɗari ne: santsi ɗaya, ƙugu ya karye. A Fort Lauderdale kuwa, a wannan watan, da rana ana samun digiri 24, kamar hantsin hunturu mai daɗi a Damagaram, ba tare da ƙura ba.

Masu Faransancin sun fi taruwa a garuruwan Hollywood da Hallandale Beach da Deerfield Beach. Akwai jaridarsu, Le Soleil de la Floride, akwai rassan bankin Desjardins, akwai lokotoro da makaniki masu jin harshensu, har mutum ya iya wata biyar bai wahala da Ingilishi ba. Wasu na zama a filayen gidajen tirela, wasu a unguwanni masu katanga da mai gadi, irin Century Village ta Deerfield Beach, mai ɗakunan kwana na iyali fiye da 8,000.

Abin da zai fi ba Bahaushe mamaki shi ne sharaɗin shiga. Dokar Amurka ta hana a ƙi ba mutum gida don yana da yara, amma ta keɓe unguwannin tsofaffi. Bisa dokar 1995, in kashi 80 cikin 100 na gidajen da ake zaune ciki suna da aƙalla mutum ɗaya mai shekara 55 ko fiye, unguwar na iya hana yara zama. Jika ya zo hutu, ya yi kwanakin da aka ƙayyade, ya koma. Wannan salon ya yi suna ne tun 1960, lokacin da Del Webb ya buɗe Sun City a jahar Arizona.

To me ake yi tun safe har dare? Ana tashi da wuri a taka ƙafa ko a hau keke kafin rana ta ɗaga. Daga nan sai motsa jiki cikin ruwa, wanda ya fi sauƙi ga masu ciwon gwiwa. Akwai babban zaure na jama'a, jikin bangonsa cike da takardun sanarwa: ajin zane, ajin Ingilishi, ƙungiyar mawaƙa, rawa, karta, bingo. Amurkawan sun fi son pickleball, wani ɗan ƙanen tanis. Ƴan Kebek kuwa sun taho da petank, wannan dai da ake bugawa a fadojin Yamai da Maraɗi, da gardamar awon tazara da komai. Da ƙarfe huɗu ko biyar sai a fito da kujeru gaban gida, kowa da abin shansa, a yi hira. Abincin dare ma da wuri ake ci, domin gidajen abinci da dama na rage farashi ga wanda ya zo kafin cunkoso.

Fita yawo ita ce gishirin mako. Wata rana bakin teku a Hollywood, inda akwai hanyar ƙafa ta kusan kilomita 4. Wata rana kasuwar gwanjo ta Swap Shop, ko katafariyar cibiyar shaguna ta Sawgrass Mills. Baƙo in ya zo daga gida, dole a kai shi fadamar Everglades, a shiga kwale-kwale mai farfela a baya, ya ga kadoji. Ranar da ƙungiyar hoki ta Canadiens de Montréal ta zo karawa da Panthers a garin Sunrise, filin kan cika da jajayen riguna har a rasa gane wane ne mai masauki.

A ganina, duk wannan jadawalin maganin kaɗaici ne. Wanda matarsa ta rasu, a Kebek yana iya mako bai ga fuskar kowa ba saboda sanyi. A nan, in bai fito petank ba kwana biyu, za a ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Sai dai kowa da kalandarsa a aljihu, yana ƙidayar kwana. Hukumar inshorar lafiya ta Kebek, RAMQ, na iya janye kariyarta daga wanda ya yi kwana 183 ko fiye a waje cikin shekara. Ko ga wanda bai ƙetare ba, abin da take biya in an kwantar da shi a likita a ƙasar waje bai wuce dalar Kanada 100 a kwana ba, alhali a Amurka kwana ɗaya na cin dubbai. Shi ya sa dole a sayi inshora ta musamman, wadda kuɗinta ke hawa da shekaru da kuma ciwon da mutum ke da shi. Hukumar harajin Amurka ma tana nata lissafi: kwanakin bana, da sulusin na bara, da kashi ɗaya cikin shida na bariya. Mai yin kwana 122 kowace shekara ya kai 183 ke nan, sai ya cike takarda mai lamba 8840 don ya nuna cewa gidansa na ainihi a Kanada yake.

A ƴan shekarun nan lissafin ya ƙara tsauri. Bayan rushewar wani bene a Surfside cikin Yunin 2021, inda mutum 98 suka mutu, Filorida ta tilasta binciken tsofaffin benaye da tara kuɗin gyara, abin da ya ɗaga kuɗin wata-wata na masu ɗakuna. Guguwar teku ta sa inshorar gida ta yi tsada. Fanshonsu kuma da dalar Kanada ake biya, wadda a farkon 2025 ta tsaya wajen santi 70 na dalar Amurka. A Afrilun 2025 gwamnatin Donald Trump ta wajabta rajista ga baƙin da za su yi kwana 30 ko fiye, bayan rikicin kuɗin fito da maganarsa ta mai da Kanada jaha ta 51. Wasu sun ji haushi sun sayar, sun karkata Meziko ko Fotugal.

Waɗanda suka rage, a watan Afrilu suke haɗa kaya. A rufe tagogi da ƙarfe saboda lokacin guguwa da ke farawa 1 ga Yuni, a kashe ruwa, a bar wa maƙwabci makulli. Wajen sallama ana cewa sai Nuwamba, ko da yake kowace shekara akwai ƙofar da ake dawowa a tarar da allon sayarwa a jikinta.