AKUN IMAM KO LITTATTAFAN KASUWA: WANNE MALAMI ZAI SHIGA AJI DA SHI?

Garin Gidan Waya, da ke cikin ƙaramar hukumar Jama'a a kudancin Jihar Kaduna, ba a san shi da marubuta littattafan Hausa ba, balle masu buga su. Abin da ya fito da sunansa shi ne Kwalejin Ilmi ta Jiha, wadda aka kafa a 1977, ta daɗe a Kafanchan kafin ta tare a mazauninta na yanzu. Duk da haka, wata tsohuwar gardama da malaman jami'a suka yi shekaru suna tafkawa a Kano da Sakkwato da Kaduna, a irin wannan wuri ne ake ganin amfaninta ko rashinsa. Gardamar kuwa ita ce: tsakanin littattafan hikaya na dauri, masu aljanu da tsuntsaye masu magana, da littattafan zamani na soyayya da zaman gida waɗanda ake saye a kasuwa, wanne ya fi?

Dalilin da ya sa maganar ta shafi Gidan Waya a fili yake. Wanda ya gama koyon aikin malanta aka tura shi Kagoro ko Godogodo ko Kwoi ya koyar da Hausa, zai tarar da aji cike da yara waɗanda yawancinsu ba Hausa ce harshen da suka tsotsa ba. Akwai Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Ninzo da sauransu, ga kuma 'ya'yan Hausawa da Fulani. Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da tashar mota, kuma da ita ake wa'azi da waƙa a majami'u da yawa, domin tun 1932 aka gama fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Yaran nan suna jin Hausa sarai, suna kuma yin ta. Abin da ya rage shi ne su so karanta ta, kuma littafin farko da malami ya miƙa musu shi zai sa su so ko su ƙi.

ASALIN NA DAURI

A 1933 ne wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke shugabancin Hukumar Fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Shi da kansa ya rubuta daga baya irin wuyar da ya sha wajen shawo kan malamai, saboda a ganinsu ƙaga labari aikin mata da yara ne, bai kamaci mai ilmi ba. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Imam yana ɗan shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Bayan haka aka ɗauko shi zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, na farkonsu ya fito a 1937.

To, a nan akwai abin da masu gardama kan manta. Waɗannan littattafai da yau ake ɗauka da hannu biyu, ba don jarrabawa aka rubuta su ba. An rubuta su ne don waɗanda suka koyi boko su sami abin karantawa na jin daɗi, kada karatun ya zube musu. Duk wanda ya bi Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna ƙulla wa juna sharri daga wannan gari zuwa wancan, ya san marubucin dariya yake nema ya ba mai karatu. Akun Magana Jari Ce ma, ai dabararsa ke nan: ya riƙe Musa ɗan Sarki da daɗin labari har gari ya waye, don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. Watau dai su ne littattafan nishaɗi na zamaninsu. Tsufa da maimaici a aji ne suka naɗa musu rawani.

Irin wannan hikaya ta ci gaba har bayan yaƙin duniya na biyu. Ahmadu Ingawa ya kawo Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda asalinsa labarin wani jarumin Rasha ne, Tanko Zango ya kawo Da'u Fataken Dare, sa'an nan a 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya.

KASUWA TA CI

Canji ya soma ne daga 1980, lokacin da kamfanin NNPC na Zariya ya buga littattafan da suka ci gasarsa, cikinsu har da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed. Ba a daɗe ba tattalin arzikin ƙasa ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta kaɗai. A daidai lokacin kuma yaran da shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kai makaranta sun girma, sun iya karatu, ba su da abin karantawa. Sai samari da matan aure suka shiga rubuta nasu, suna kai wa ƙananan maɗaba'u a Kano, suna biya daga aljihunsu.

Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, ta bi shi da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Ahmed Funtuwa kuma da Allura Cikin Ruwa a 1994. Marubuta suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Kafin a ankara abin ya zama ambaliya: wani jerin sunaye da Graham Furniss na Jami'ar Landan da abokan aikinsa suka tattara, na shekarun 1987 zuwa 2002, ya ƙunshi littattafai fiye da 700. Ana saye, ana haya, ana aro, ana karantawa a gidajen rediyo. Littafi ɗaya ya zaga gidaje goma har bangonsa ya cire.

Malam Ibrahim Malumfashi, wanda a lokacin yake koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, shi ne ya fi kowa ɗaga murya wajen suka. Shi ya yayata sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan Turanci na kasuwar Onitsha waɗanda suka yi tashe kafin yaƙin basasa suka ɓace. A ganinsa kayan yayi ne, ba su da zurfi, da yawansu kwaikwayon finafinan Indiya ne, kuma za su mutu kamar yadda na Onitsha suka mutu. Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsaya musu, yana mai nuna cewa sun sa dubban matasa, musamman mata, karatu da rubutu da harshensu, abin da hukuma ta kasa yi da kuɗinta. Yusuf Adamu da wasu suka shigo, aka yi ta ɗauki ba daɗi a filin adabi na jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako, wanda Ibrahim Sheme ke kula da shi, musamman a 1998 da 1999. Maganar ma ba ta tsaya a takarda ba. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an tara irin waɗannan littattafai a wata makarantar 'yan mata a Jihar Kano aka cinna musu wuta, bisa zargin suna ɓata tarbiyya.

INDA KOWANE YA FI

In aka bi hujjojin nan ɗaya ɗaya, wasu ba su da ƙwari. Zargin aro daga waje, alal misali, takobi ne mai kaifi biyu. Ruwan Bagaja ya ɗebo daga Maƙamatul Hariri, Magana Jari Ce kuwa ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwa Grimm da hikayoyin Indiya na aku mai ba da labari. Abin sha'awa, Malumfashi ɗin nan da kansa yana cikin waɗanda suka fi bin diddigin wannan aro, a littafinsa Adabin Abubakar Imam. Ashe ba aron ne laifi ba. Abin dubawa shi ne yadda aka ɗinke rigar aron har ta zauna wa Bahaushe daidai, kuma a nan Imam ya yi wa kowa zarra.

Zargin cewa soyayya ba abin rubutawa ba ce, shi ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Jiki Magayi, ɗaya daga cikin biyar ɗin farko, mene ne in ba labarin saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa ba, ya shiga duniya neman ramuwa? Wanda ya rubuta shi tare da East kuwa, John Tafida, Kirista ne mutumin Wusasa. Wannan abu ne da ya kamata kowane yaro na kudancin Kaduna ya sani, don kada ya ɗauka adabin Hausa gadon wasu ne shi ɗan kallo.

Inda littattafan kasuwa suka yi galaba, babu mai ja. Sun shiga ɗakin da na dauri ba su taɓa leƙawa ba. A hikayoyin da, mace galibi gimbiya ce da za a ba jarumi, ko tsohuwa mai makirci. A Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, Rabi ce tsakiyar labari, matar da miji ya kora da 'ya'ya tara saboda ya yi amarya, ta koma sayar da abinci tana ciyar da su. A Wa Zai Auri Jahila? yarinya ce aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho. Yarinyar da ke aji uku a Kafanchan, ko masallaci iyayenta ke zuwa ko majami'a, ta san wata Rabi a unguwarsu. Ba ta taɓa ganin aljani ba. Wannan ƙarfi ne ya kai littafin Balaraba har Indiya, inda wani kamfani a birnin Chennai ya buga fassararsa ta Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi, a 2012.

Amma fa akwai inda suka faɗi, kuma faɗuwar ta fi yi wa malamin Gidan Waya ciwo fiye da malamin Kano. Littattafan dauri sun bi ta hannun masu gyara, an tace ƙa'idar rubutunsu. Na kasuwa da yawa daga hannun marubuci sai maɗaba'a: a haɗe kalmomin da ya kamata a raba, a raba na haɗewa, a bar ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa. Yaron Kano in ya ga an rubuta kasa, kunnensa zai gaya masa ko ƙasa ake nufi. Yaron da Hausa ce harshensa na biyu, wanda da ma a bakin mutanen yankinsa bambancin k da ƙ da na namiji da tamace kan sassauta, abin da ya gani a takarda shi zai haddace ya rubuta a jarrabawa. A gare shi littafi marar gyara guba ce mai zaƙi. Ƙari kuma, cikin ɗaruruwan nan, waɗanda suka kai matsayin na Balaraba da Gidan Dabino ba su da yawa. Sauran labari ɗaya ne ake sake wa suna: ɗan talaka, 'yar mai kuɗi, kishiya, boka.

Hasashen mutuwarsu ma ya cika rabi ne kawai. Finafinan Kano sun janye marubuta da yawa, cinikin littafin takarda ya ja baya ƙwarai, amma labaran sun koma cikin wayar hannu, ana karantawa ana kuma saurara. Gasar Hikayata ta mata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna ɗimbin masu alƙalamin da wannan yayi ya haifar. Aljanun ma ba su mutu ba. Littattafan yaƙi da jarumta irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu matsafa da dodanni, jikokin Ganɗoki ne, kuma a kasuwar nan ta Kano aka haife su.

Saboda haka in aka ce lalle sai an yanke hukunci, ga yadda ya fi kusa da gaskiya. Wajen jawo mutum ya buɗe littafi da son ransa, na kasuwa sun ci. Wajen Hausar da za ta zauna a kai shekara hamsin, har yanzu ba a kama ƙafar Imam ba. Babban abin da ya cuci na dauri ba littattafan soyayya ba ne, yadda ake koyar da su ne. An mai da Magana Jari Ce abin fitar da jigo da salo da warwarar jigo, yaro ya haddace bayanin malami ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa yin dariya a kan labari ɗaya daga cikinsa ba. Wani ma bai taɓa riƙe littafin ba, sai taƙaitawar da aka buga aka sayar masa.

Sabon malamin da ya fito daga Gidan Waya ba zai iya gyara manhaja ba, ba zai kuma iya saya wa yara sittin littafi ba. Abin da ke hannunsa shi ne minti arba'in da kwafi guda. Yana iya tsayawa gaban aji ya karanta musu rigimar Alhaji Imam da Malam Zurƙe da murya, yana sauya harshe yadda kaka ke yi da dare, ya tsaya daidai inda labari ya ɗauki zafi ya ce sai gobe, kamar yadda akun ya riƙa yi wa Musa. Ran da ya kama wata da littafin soyayya a ƙarƙashin tebur kuwa, maimakon bulala, yana iya karɓa ya kwafe shafi ɗaya a allo, aji duka su taru su sa wa kowace ƙ lanƙwasarta, su raba kalmomin da aka haɗe, sa'an nan ya mayar mata da abinta ta ƙarasa.