Karatun Mai Niyyar Zama Malami: Misalin Kwalejin Katsina

 Sau da yawa a kan ji ɗayanmu yana gunaguni, yana cewa don me za a dame shi da darasin hanyar koyarwa, alhali kuwa ya iya lissafi, ya iya Turanci? A ganinsa duk wanda ya san abu ai ya iya faɗinsa. Wannan magana na ke so mu duba, kuma ba inda ya fi kyau mu ɗauko misali kamar Kwalejin Katsina, gama ita ce babbar makaranta ta farko da Gwamnati ta kafa a Arewa musamman don horon malamai.

Tun a 1909 Ɗan Hausa, watau Hans Vischer, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano. Daga nan makarantun larduna suka soma yaɗuwa, amma malaman da za su riƙe manyan azuzuwa suka yi ƙaranci. Saboda haka aka kafa kwalejin a 1921, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, sa'an nan Gwamna Sir Hugh Clifford ya zo ya buɗe ta ran 5 ga Maris, 1922. An zaɓi Katsina ne domin garin ilmi ne tun da, garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, kuma tana nesa da hanyar jirgin ƙasa da hayaniyar ciniki. A jawabinsa Gwamna ya nuna ba karatun littafi kaɗai a ke so samarin nan su kai wa 'yan'uwansu ba, har da ladabi da kyawun hali.

Shekara 5 yaro ya kan yi. A cikinsu ya kan koyi Turanci, da lissafi, da tarihi, da labarin ƙasa, da hanyar koyarwa, ban da karatun addini. Da la'asar kuma sai wasanni, irin su kurket da ƙwallon bango. Turanci shi aka fi matsa wa, tun ba lafazi ba. Dalili kuwa a fili ya ke. Bahaushe ya kan haɗa p da f ya mai da su abu guda, ya kan kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, kamar yadda muka samu burodi da sukudireba. In akawu ya yi haka, kuskurensa ya tsaya a ofishinsa. In malami ya yi, yara talatin sun ɗauka, su ma su kai gaba. Shi ya sa aka yi ta gyara bakin almajiran nan har suka yi suna. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatu can daga 1928 zuwa 1933, har a ƙasashen waje an yaba da Turancinsa.

To, amma sanin abu dabam, iya ba da shi dabam. Mai niyyar koyarwa dole ya koyi kowane fanni sau biyu, sau ɗaya don kansa, sau ɗaya don yaron da bai taɓa jinsa ba. Ga misali. A zamanin nan kuɗinmu fam ne da sule da kwabo, ba a koma naira ba sai 1973. Kwabo 12 ke sule, sule 20 ke fam. Yaron da a ke aika kasuwa ya san sisi rabin sule ne, taro kuma rabin sisi. Malamin da ya san hanya da wannan zai fara. Ya ce, "Taro nawa ke cikin sule?" Su ce, "Huɗu." Shi ke nan sun gane kashi ɗaya cikin huɗu tun ba a taɓa alli ba. Wanda bai sani ba kuwa sai ya juya wa yara baya, ya cika allo da lambobi, wata bisa wata, ya ce a kwafa. Za su kwafa, su hardace, gobe in an sāke tambayar su yi tsuru-tsuru.

Haka kuma labarin ƙasa. In ka rataya taswira jikin bango, yaro zai ɗauka arewa ita ce sama, har ya yi mamakin yadda Kogin Nilu ke hawa sama ya faɗa teku. Kai da ka sani ba za ka taɓa zaton akwai mai wannan ruɗu ba, sai an faɗa maka, ko ka gani da idonka. Maganinsa kuwa mai sauƙi ne: a shimfiɗa taswirar ƙasa, arewarta na duban arewa, a fara da zanen ɗakin karatu, sa'an nan unguwa, sa'an nan gari. Irin wannan shi darasin hanyar koyarwa ke tanadar maka, watau ka san inda yaro zai yi tuntuɓe tun bai kai wurin ba.

Saura gwaji. A kan sa almajiri ya tsara darasinsa a takarda, ya tsaya gaban yara na gaske, malami na zaune a baya yana rubuta kurakuransa. Akwai kunya, ba shakka. Amma wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A tsangaya gardi shi ke biya wa ƙolo allonsa, alaramma na ji, in ya yi ɓata ya gyara masa. Da biyawar nan nasa karatun ke zama.

Dubi abin da waɗanda suka fito suka yi. Ahmadu Bello ya gama a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato har 1934. Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci har ya zama shugabanta. Abubakar Imam ya gama a 1932, yana malami a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da aka sa a 1933. A ganina wanda ya karanta Magana Jari Ce zai ga hannun malami a ciki, mutumin da ya san lokacin da hankalin yaro ke shirin tashi, da abin da zai komo da shi.

Kada dai a ce na yabi makarantar na rufe ido. Almajiranta kaɗan ne ƙwarai in an gwada da yawan jama'ar Arewa, ba mace ko ɗaya, kimiyya kuma ba ta sami wurin da ya kamace ta ba da fari. Har wa yau da yawa cikin waɗanda aka hora ba su daɗe a aji ba, aikin En'e da siyasa suka janye su. Wannan hasara ce ga yaran da suka bari, ko da ya ke ƙasa ta amfana ta wata fuska.

A 1938 aka mai da kwalejin Kaduna, a 1949 aka kai ta Zariya, a 1971 aka raɗa mata suna Barewa. A hankali ta zama sakandare kamar sauran, horon malamai ya koma wasu makarantu. Shekaru da dama yaro ya kan gama firamare ya shiga kwalejin malamai, ya yi shekara 5, ya fito da takardar daraja ta biyu. Wannan ma an daina, yanzu mafi ƙarancin abin da doka ke nema ga malami a Nijeriya shi ne takardar NCE, wadda a ke nema bayan an gama sakandare. Tsohon ginin nan na ƙasa kuwa yana nan a Katsina, an mai da shi gidan adana kayan tarihi.