Canza Bakin Injekta Yana Ƙara Wa Mota Ƙarfi? Mu Ware Tsaki Da Tsakuwa

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, duk wata dabara da aka ce tana rage shan mai ko tana ƙara wa mota kuzari ba ta rasa masu saurare. Ɗaya daga cikin maganganun da ake ji a gareji da shagunan kayan mota, ake kuma gani a bidiyoyin TikTok da Facebook, ita ce ta turotul bodi, wanda makanikai da yawa suke kira bakin injekta. Wasu na cewa a sa babba mota ta tashi kamar iska, wasu na cewa wanke shi kaɗai ya isa ya sauke shan mai. A cikin waɗannan maganganu akwai gaskiya, akwai rabin gaskiya, akwai kuma abin da zai raba mutum da kuɗinsa a banza.

Kafin a shiga tantancewa, ga aikin da abin yake yi. Injin fetur yana buƙatar iska kafin ya ƙona mai. Iskar tana bi ta matatar iska, ta ratsa bakin injekta, sannan ta shiga bututun da ke raba ta ga silindoji. A cikin bakin injektar akwai wani faifan ƙarfe mai juyawa. Idan direba ya taka totur sai faifan ya buɗe, idan ya ɗaga ƙafa sai ya rufe. A tsofaffin motoci waya ce take jan faifan. A na baya-bayan nan, kamar Toyota Camry daga ƙirar 2002, wata ƙaramar na'urar lantarki ce take juya shi bisa umarnin kwamfutar mota. Aikinsa ke nan: daidaita yawan iskar da za ta wuce. Ba ya tura iska, ba ya ƙirƙirar ta.

"Babban bakin injekta yana ƙara wa kowace mota ƙarfi"

Ƙarya ne, idan motar tana nan yadda kamfani ya ƙera ta. Injin ne yake zuƙo iska da kansa, kuma abin da zai iya zuƙa yana da iyaka. Ɗauki inji mai lita 1.8 irin na Corolla. Sai ya yi juyi biyu kafin dukan silindojinsa su cika sau ɗaya. Idan yana juyi 6,000 a minti, iyakar abin da zai sha shi ne lita 5,400 ta iska a minti, kuma a aikace yawanci ba ya kai haka. Injiniyoyin da suka ƙera shi sun san wannan lissafi, suka kuma zaɓi bakin da zai wadatar da shi. Abin da ya fi taƙaita iskar yana can ciki: girman bawuloli, tsawon lokacin da kamshaf yake barin su a buɗe, hanyoyin da ke cikin kan inji, da yadda hayaƙi yake fita. Wanda ya faɗaɗa ƙofar zaure bai ƙara wa zauren faɗi ba. Mutanen da yake ɗauka jiya su zai ɗauka yau.

Ƙari a kan haka, a tuƙin cikin gari inji yana juyi ne tsakanin 2,000 zuwa 3,000, faifan kuma a ɗan buɗe yake kawai. Bakin da ke kansa ma ba a cinye faɗinsa ba, balle a nemi wanda ya fi shi.

"Ai na gwada, na ji motar ta ƙara tashi"

Abin da direban ya ji gaskiya ne, fassarar da ya yi masa ce kuskure. Idan aka cire baki mai faɗin milimita 60 aka sa mai 70, sararin da iska za ta bi ya ƙaru da kusan kashi 36 cikin 100. Saboda haka ɗan takin da a da yake ba da iska kaɗan yanzu yana ba da mai yawa, sai mota ta zabura. Amma a taka totur har ƙasa, ƙarfin da za a samu kusan shi ne na da. An dai matso da shi farkon taki, ba a ƙara shi ba. Illar kuwa a cunkoso take bayyana, lokacin da ake son mota ta lallaɓa a hankali amma sai ta riƙa fizga. Haka ma ƙananan na'urorin da ake jonawa a jikin totur na lantarki: suna sa kwamfuta ta ɗauka an taka fiye da yadda aka taka, ba sa ƙara wa inji komai.

"Masu tseren mota suna canzawa, kuma yana yi musu aiki"

Gaskiya ne, sai dai da sharaɗi. Su ba daga nan suke farawa ba. Sukan canza kamshaf, su buɗe hanyoyin kan inji, su sake salansa, wasu su ɗora tobo ko su girmama wanda ke kai. Bayan inji ya koma neman iska fiye da yadda aka tsara shi, a nan ne tsohon bakin yake zama cikas. Ko a lokacin ma sai an daidaita bututun da ke bayansa da sabon faɗin, an sake saita kwamfuta, sannan a auna sakamakon a na'urar gwajin ƙarfi. Ribar takan fito ne a can saman juyi, inda mai kai yara makaranta ko direban haya ba ya zuwa.

"Yana rage shan mai"

Ƙarya ne. Injin fetur yana aiki ne da ma'auni: kusan kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na mai. Kwamfuta tana auna iskar da ta shiga, ta saki man da ya dace da ita, sannan ta duba hayaƙin da ya fita ta gyara lissafi. Idan iska ta ƙaru, mai ma ƙaruwa zai yi. Motar da ke zabura da ɗan taki kuwa takan ja direba ya ƙona fiye da da.

A nan ya kamata a ambaci zoben ƙarfen nan da ake sawa a bayan bakin injekta, ana cewa yana murɗa iska don ta gauraya da mai. A motocin kafireta, inda mai da iska suke tafiya tare tun daga sama, irin wannan zobe yana iya yin ɗan tasiri. A yawancin motocin injekta kuwa iska ce zalla take wucewa ta wurin. Ana fesa man ne a can kusa da bawul, ko ma a cikin silinda. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada na'urori sama da 100 da aka yi ta tallatawa da sunan rage shan mai, ba ta samu wadda ta yi ragi na a-zo-a-gani ba.

"Wanke shi yana dawo da mota hayyacinta"

Wannan gaskiya ne, kuma shi ne abin da ya fi amfanar mai mota a ƙasashenmu. Tururin baƙin mai da ke dawowa daga cikin inji yana haɗuwa da ƙura, musamman a lokacin hunturu ko idan matatar iska ta lalace, ya daskare a gefen faifan. Sai sulo ya riƙa hawa da sauka, mota ta riƙa karkarwa a tsaye, ko ta mutu idan aka kunna iyakwandishan. Wanki yana magance wannan. Sai dai yana mayar da abin da aka rasa ne, ba ya ƙara wani sabo.

Wankin ma yana da ƙa'ida. A yi amfani da maganin da aka yi dominsa da ƙyalle mai laushi, ban da kankara da ƙarfe ko yashi. Mai lantarki ba a tura faifansa da ƙarfin tsiya, ba a kuma cika shi da ruwan magani har ya shiga ɓangaren wuta. Motoci da dama, ciki har da na Nissan, sai an sake koya wa kwamfutarsu sulo bayan wanki, in ba haka ba ya tashi sama, mai mota ya zaci an ɓata masa inji. Na'urar auna iska da ke kusa da matata ita kuma maganinta daban ne. Maganin wanke kafireta yana iya kashe ta.

"In dai kusoshi sun dace, kowanne zai shiga"

Ƙarya ce mai haɗari. Baki mai lantarki yana ɗauke da na'urori biyu da ke sanar da kwamfuta inda faifan yake. Idan bayanansu suka saɓa, ko suka bambanta da abin da kwamfutar ta sani, sai ta kunna wutar gargaɗi ta kuma danne ƙarfin inji don kariya. Ka ga hakan ya faru da mutum yana tsakiyar wuce tirela, ai magana ta wuce ta kuɗi. Idan canji ya zama dole saboda na kai ya mutu, ko sabo za a saya ko na Beljiyam, a nemi mai lamba ɗaya da wanda aka cire, a sa sabon gasket don kada iska ta riƙa satar hanya.

"Duk motar da ta yi nauyi, bakin injekta ne"

Ba haka ba ne. Matatar iska da ta toshe, fulogi da suka ci zamaninsu, famfon mai mai rauni, tiyon da ya tsage, matatar hayaƙin nan da ake kira indomi idan ta cushe, har tayoyin da ba su da isasshiyar iska, duk suna sa mota nauyi da shan mai. Tun daga 1996 doka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da mahaɗar da ake jona kwamfutar bincike, kuma da yawa daga cikin motocin da ke titunanmu daga can suka zo. Idan aka jona ta, lambar P0121 ko P2135 tana nuni ga na'urar totur, P0171 kuma tana cewa iska ta rinjayi mai. Bincike na 'yan mintoci ya fi canje-canjen lalube araha.

Shawarata ga mai mota ita ce ya bi abin daki-daki: a fara jona kwamfuta, a duba matata da fulogi, a wanke bakin idan ya yi datti, a canza shi da irinsa idan ya lalace. Duk wanda ya ce maka ka sayi babba, tambaye shi me aka canza a cikin injin da har na kai ya kasa. Idan ba a canza komai ba, riƙe kuɗinka ka yi juyen mai da su a kan lokaci.