Ƙusoshin da ke riƙe tukunyar tururi

Tun bayan da aka buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu a shekarar 2017, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi, tururi ya zama jigo a harkar shinkafar jihar Kebbi, domin da shi ake turara ta kafin a casa.

Sai dai ba kasafai ake maganar ƙusoshi da notinan da ke riƙe da tukwanen da ke dafa ruwan ba, alhali a kansu rayukan ma'aikata suka rataya.

Ruwa na tafasa ne a digiri 100, amma a rufaffiyar tukunya zafinsa kan haura digiri 180. A lokacin, kowane fili mai girman tafin hannu a jikin tukunyar na ɗauke da nauyin da ya kai kusan tan guda.

Matsalar dai ba sabuwa ba ce. Jiragen ƙasa masu kwal da suka isa Kano a 1911, da Ƙauran Namoda a 1929, da irin wannan tukunya suka yi aiki, inda ɗaruruwan sandunan ƙarfe ke riƙe da bangon murhun don kada ya lotsa.

Har yau a Ingila akwai masu ƙera ƙananan samfurin waɗannan jirage don sha'awa, kuma akasari da jan ƙarfe suke yin tukunyar. Dokarsu ita ce kada a sa ƙusar tagullar da aka haɗa da tutiya a inda ruwan ke taɓawa.

Dalili kuwa shi ne ruwan zafi na zuƙe tutiyar sannu a hankali. Ƙusar kan zauna da siffarta, amma cikinta ya zama kamar soso, sai wata rana ta karye ba tare da gargaɗi ba. Shi ya sa suka fi son jan ƙarfe zalla, ko wanda aka haɗa da kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙowa a Jos.

Tukwanen masana'antu kuwa na baƙin ƙarfe ne da aka haɗa da walda, don haka notinansu ma na ƙarfen da ke jure zafi ne. Idan aka gama ƙarafa biyu mabambanta a cikin ruwa, ɗayan kan ci ɗayan.

Hatta ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa, wanda mutane ke ɗauka ya fi kowane, yakan tsage idan zafi ya haɗu da ruwa mai gishiri.

Wannan ya fi shafar ƙananan masu turara shinkafa da ke ba mai walda ya haɗa musu tukunya, domin notin da ake saye a kasuwa ba a faye sanin abin da aka yi shi da shi ba.