Ranar da Manomi Ya Kashe Karensa

Da damina na je duba gonaki a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum. Na tarar da wani dattijo ɗan ƙungiyarmu zaune a gindin tsamiya, ya yi tagumi. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Malam, da hannuna na kashe shi."

Karensa yake nufi. Shekara bakwai yana gadin gida da garken awaki. Rana ɗaya ya fara dalalar da miyau, yana cizon itace, har ya ciji jikan dattijon a ƙafa. Malamin dabbobi yana nesa, yara kuma cike da tsakar gida. Dattijo ya yi abin da ya zama dole, aka kai yaron asibiti. Amma tun ran nan barci ya ƙaurace masa. Ya ce, "Amana na ci."

'Yan'uwa, kada mu yi wa irin wannan baƙin ciki dariya, mu ce ai kare ne. A 2 Sama'ila sura 12, annabi Natan ya ba da labarin matalaucin da ya reni 'yar tunkiya kamar 'yarsa. Allah ya san wannan ƙauna.

Amma baƙin ciki daban, laifi daban. Ciwon haukan kare, in alamunsa suka bayyana, ba shi da magani, ga dabba ko ga mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutane wajen 59,000 kowace shekara, da yawansu yara. Da an bar karen, 'yan kwanaki kaɗai zai yi cikin azaba ya mutu. Na ce, "Baba, ba ka ci amana ba. Ka gajarta masa wahala, ka kuma tsare yaran unguwa."

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Da na kai shi allura." A nan ban ruɗe shi ba. Gaskiya ne. Muka yi addu'a tare.

Ga abin da ƙungiyoyinmu na Anka, Gummi da Bukkuyum za su riƙe:

1. A yi wa karnuka allurar rigakafi kowace shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin maganin. Ku haɗa kuɗi, ku kira malamin dabbobi rana guda.
2. Wanda aka ciza ya wanke ciwon da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi asibiti ran nan.
3. Kare mai lafiya da ya yi cizo, kada a kashe shi da gaggawa. A ɗaure shi kwana 10 ana dubawa.
4. Wanda aka kashe, a binne shi da zurfi. Kada a ci namansa.

Wanda kuma ya rasa dabbarsa, ku je ku gaishe shi. Dattijon nan yanzu shi ne ke bi gida gida yana tuna wa mutane ranar allura.

Ubangiji ya ta'azantar da mu.